Angon da Ke Jikin Jaka

Gwaggo Mero ce ta fara ganin hoton. Muna cikin wata masana'antar jakunkuna a Shiling, garin da ake ɗinkin jaka a bayan Guangzhou. Tana zaune a kujerar roba saboda ciwon gwiwa, ni kuma ina tsaye a bayanta, riƙe da gorar ruwanta. Jakar rabon biki muka je nema. 'Yarta Firdausi za ta yi aure bayan sallah, kuma Gwaggo ta rantse ba za ta raba irin jakar da kowa yake rabawa a Kano ba.

Ni ba biki ne ya kawo ni China ba. Yayana Mas'udu ne yake tsare a Guangzhou, shekara ta zagayo har ta gota. Ranar Talata mai zuwa za a yanke masa hukunci. Umma, mahaifiyarmu, ba ta sani ba. Abin da aka gaya mata shi ne bizarsa ce ta ƙare, an riƙe shi sai an gama takardu. Da Gwaggo ta tashi zuwa sari, Umma ta ce a tafi da ni in riƙa ɗaukar mata kaya, in kuma gano mata ɗanta.

"Ke ba ki iya ƙarya ba, Saffana," ta ce min ranar da za mu taso. "Abin da idonki ya gani shi za ki faɗa min."

Ban gan shi ba. Ba a barin dangi su shiga wurinsa, sai lauya.

Gaskiyar maganar kuwa, wani kwali ne. Ana gobe Yaya zai tafi, da daddare, Maidaji ɗan maƙwabtanmu ya kawo kwalin kilishi da yaji da daddawa, wai a kai wa ɗan'uwansa a Guangzhou. Yaya ya ce kayansa sun cika. Umma ta ce haba, ɗan maƙwabta ne, a gabanta aka haife shi, wa yake ƙin karɓar saƙo? Yaya ya karɓa, bai buɗe ba, don a wurinmu buɗe saƙon mutum abin kunya ne. A filin jirgin Guangzhou jami'ai suka buɗe. A ƙasan gwangwanayen yajin suka sami hodar iblis. Maidaji ya bar unguwa tun satin, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Kawunnanmu suka zauna suka ce Umma tana da hawan jini, in ta ji cewa kwalin da ta sa shi ya ɗauka ne, ba za ta kai labari ba. Aka rufe maganar.

Mai masana'antar mace ce, gajera, mai gilashi. Lawban muke ce mata, haka ake kiran mai shago a can. Ta ɗauko wasu jakunkuna na yadi mai kauri, ruwan madara, an buga musu zane da baƙin layi. Alhasan, ɗan Maraɗi da yake mana tafinta yake kuma loda kayan Gwaggo, ya ce zanen Turawan Ingila ne na zamanin da, yanzu shi ake yayi.

Ta farko, wani ƙaton mutum ne mai tumbi yana dirowa ta taga ba wando sosai, hular gashinsa ta maƙale a ƙusa, wata mata tana leƙe ta labule.

"A'uzubillahi," in ji Gwaggo. "Wannan kwarto ne aka ritsa. Ɗauke min."

Ta biyu, alƙali ne yana barci a kan kujerarsa da baki buɗe, wata mata mai doguwar hula tana zare agogo daga aljihun wani a gabansa. Alhasan ya yi dariya. Gwaggo ta ce ba za ta raba wa surukanta ɓarauniya ba.

Ta uku ce ta tsayar da ita. Ta ɗora ta a cinya ta shafa.

"Yauwa. Ga biki nan."

Titi ne cike da mutane, har kan rufin gidaje da tagogi. A tsakiya keken doki, a kansa wani saurayi a tsaye cikin farar kwat, an maƙala masa furanni a ƙirji. A gefensa wani dattijo mai baƙar riga ya buɗe littafi. A bayansu dogon akwati. Mata suna ɗaga hankici, wata tana tallan lemo, wani yana ɗaga wasu takardu sama yana ihu, kare yana bin ƙafar doki.

"Kin ga ango," Gwaggo ta nuna min da ɗan yatsa. "Ga limaminsu. Ga akwatin lefe, guda ɗaya tal, kin ga rowar Bature. Can kuma ga rumfa ana kafawa." Ta taɓa kusurwar sama ta dama, inda aka zana wasu katakai uku a tsaye da wasu a gicciye a kansu. "Alhasan, tambaye ta ko akwai mai ruwan hoda."

"Meyo," in ji Lawban. Babu ke nan.

"Kullum meyo. To a yi min wannan ɗin. A rubuta Firdausi da Abdulmumini a ƙasa."

Na tsaya ina kallon jakar. Tunda na zo garin nan ba na jin komai sosai. Ina cin abinci ba na jin gishirinsa, ina shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa in fito ban san tashoshin da muka wuce ba. Amma idona ya tsaya a hannun angon. Duk mutanen cikin hoton hannuwansu a sama suke ko a miƙe, shi kaɗai gwiwoyin hannunsa sun koma baya. Akwai wani siririn layi da ya zagaye su, ya hau kafaɗa, ya kewaye wuya. Ba na iya magana a gaban mutane, tun ina yarinya haka nake.

Gwaggo ta ɗauki hoton jakar da wayarta, ta tura wa dangi a gida tun muna wurin.

A mota, a hanyar komawa Xiaobei inda masaukinmu yake, Gwaggo ta yi barci da baki buɗe. Lawban ta ba mu jaka ɗaya ta gwaji, tana kan cinyata. Na daɗe ina shirya maganar kafin na taɓa bayan kujerar Alhasan.

"Malam Alhasan. Me ya sa aka ɗaure angon?"

"Mi?"

Na nuna masa igiyar. Ya karɓi jakar ya kawo ta kusa da ido. Ya ɗauke ta hoto, ya danna wayarsa, rubutun Faransanci ya fito. Ya karanta a zuci, leɓensa yana motsi. Sai ya waiga ya dubi Gwaggo, ya rage murya.

"Ƙanwata, wannan ba ango ba ne. Rataye shi za a kai a yi."

Na ce to.

"Wai ɓarawon kan hanya ne, a London, shekaru ɗari biyu da wani abu. Haka suke yi a lokacin. Ranar rataya kamar ranar salla ce, gari duka ya fito kallo. Wanda za a kashe ya sa kayansa mafi kyau, wasu ma kayan aurensu suke sawa. A ba shi furanni. Akwatin nan na gawarsa ne, tare suke tafiya. Wannan mai ɗaga takardun, hoton mutumin da labarin laifinsa yake sayarwa, tun bai mutu ba." Ya miƙo min jakar. "Katakan nan ba rumfa ba ce."

Na sake cewa to. Na duba ta taga. Dogayen gidaje ne ta ko'ina, da wanki a rataye a barandarsu.

Na san abin da yake nufi da sayar da hoto. Na Yaya ma ya zaga wayoyin mutanenmu na Xiaobei, yana tsaye gaban tebur, gwangwanayen yaji a jere, ɗan sanda a kowane gefe. In muka shiga gidan abinci sai hira ta tsaya, a gaishe da Gwaggo da ladabi fiye da kima, in mun fita a ci gaba. Abin da ya hana hoton kai wa Umma shi ne ƙaramar waya take riƙewa, sai in ƙanwarmu ta nuna mata abu a tata.

Da Gwaggo ta farka Alhasan ya gaya mata. Ta karɓi jakar ta juya ta.

"To wa zai sani a Kano? Kai ma sai da waya ta gaya maka."

"Hajiya, gawa ce fa za ki raba a biki."

"Gawar Bature ta shekara ɗari biyu. An riga an fara yanka yadi." Ta jefa jakar a cinyata, ba ta dube ni ba. Can ta ce, "Ke kuma da ido kamar na mage."

Washegari Alhamis lauyan Yaya ya kira. Ɗan China ne, da Alhasan yake magana, Alhasan ya juya mana. Ya ce ranar Talata za a bar mutum biyu daga dangi su zauna a kotu, ba waya, ba magana da wanda ake tuhuma. Ya ce mu shirya zuciyarmu, don nauyin abin da aka kama ya kai na kisa. Sannan ya ce Mas'udu ya ba shi wata magana.

"Ya ce a roƙar masa Umma ta yafe masa," in ji Alhasan. "Ya ce ta san halin da yake ciki tukuna, sannan ta yafe. Kuma ya ce Saffana yake so ta gaya masa amsar, ba wani ba."

Gwaggo ta tafa hannu. "Yaron nan yana so ya kashe uwarsa ne? Uwa ce, ai ta yafe tun ranar da ta haife shi. Ranar Talata ki ɗaga masa kai kawai, shi ke nan."

"Ba ta sani ba ai, Gwaggo."

"To ki sanar da ita. Ki ce mata kwalin da ta sa ya karɓa ne. In ta faɗi ta mutu sai ki koma ki binne ta, ki dawo ki binne shi." Muryarta ta karye a ƙarshe, ta ja mayafi ta goge hanci. Gwaggo ba muguwa ba ce. Ita ta nemo lauyan, ita take zuwa ƙofar gidan da yake tsare duk zuwanta, ko da ba za a bar ta ta shiga ba.

Na shiga banɗaki na wanke kallabina, duk da ba datti ya yi ba.

Ranar Juma'a muka je masallacin Huaisheng. Bayan an idar, Gwaggo ta tsaya gaisawa da wasu matan Yamai, ni kuma na koma gindin wata bishiya a harabar, kusa da doguwar hasumiyar masallacin. A lokacin gari ya waye a Kano, Umma ta gama lazimi. Kullum a irin lokacin take kira. Wayar ta yi ƙara a hannuna, na tsaya ina kallonta har ta kusa katsewa.

"Saffana, kin tashi lafiya? Au, ku rana ta yi."

"Lafiya lau, Umma."

"Kin gan shi?"

"Ban gan shi ba tukuna. Sai Talata."

"Alhamdulillahi. Takardun sun fito ke nan." Na ji tana gyara zama a kan darduma. "Ke, an nuna min jakar Firdausi. Ta yi kyau wallahi. Na sa an buɗe min hoton da girma. Kin lura angon nan da Mas'udu yake kama? Dogon wuyan nan, da yadda ya ɗan karkata kai. Ki ce wa Mero ta ajiye min guda biyu. Allah ya nuna mana nasa bikin."

Ban ce amin ba. Wani tsoho ɗan China mai farar hula yana share ganye a gabana, na bi tsintsiyarsa da ido.

"Saffana? Layin ne?"

"Umma, hoton yana kusa da ke?"

"Ga wayar ƙanwarki nan a gefena."

"Ki duba hannunsa."

Na ji tana kiran ƙanwata ta buɗe mata, na ji ta ce ta fita ta ja ƙofa.

"Kamar igiya nake gani."

"Igiya ce. Ba ango ba ne. Akwatin na gawa ne. Katakan da ke sama, can za a kai shi."

"Subhanallahi. To me ya kai Mero..." Ta tsaya. Na ji numfashinta. Umma ba ta yi boko ba, amma ba a yi mata magana biyu. "Saffana. Me kike gaya min?"

Na gaya mata. Muryata ba ta yi rawa ba, kamar ina karanta abin da wani ya rubuta. Na ce ba biza ba ce. Na ce ranar Talata hukunci ne, kuma lauya ya ce zai iya zama na kisa. Na ce a cikin kaya aka sami abin.

"Wane kaya?"

Kafin in buɗe baki ta riga ni.

"Kwalin Maidaji," in ji ta. Ba tambaya ta yi ba.

"E."

Na jira in ji ƙarar faɗuwa, ko salati, ko ihun ƙanwata. Ba abin da na ji sai zakaran maƙwabta yana cara a Kano, ni kuma ina tsaye a China.

"Kowa ya sani?" ta ce.

"Kowa."

"Har matan da suke zuwa min sannu da jiran takardu."

"E, Umma."

"To." Ta ja numfashi. "Me ya ce?"

"Ya ce ki yafe masa."

"Ya faɗa musu ni na sa shi ya ɗauka?"

"Lauya ya ce bai taɓa ambaton sunanki ba."

A nan ne na ji wani sauti ya fito mata, ƙarami, kamar an taka ɗan kyanwa. Sau ɗaya. Sai ta gyara murya.

"Ki ce masa na yafe, duniya da lahira, duk da ban san abin da ya yi min ba. Ki ce masa shi ma ya yafe min. Kada ki faɗi ɗaya ki bar ɗaya. Kin ji ni?"

"An ce ba a magana a kotun."

"Ki ji ni dai."

Ta kashe wayar. Na kira ƙanwata na ce ta zauna kusa da Umma, ta ba ta maganinta, ta kira Kawu. Da Gwaggo ta zo ta dubi fuskata, ba ta tambaye ni komai ba. Sai da muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa ta ce, "Tana da rai?" Na ce e. Ta ce, "To Allah ya sa haka ne daidai," ta kama ƙarfen da ake riƙewa da hannu biyu.

Ranar Talata aka karɓe wayoyinmu a ƙofa. Alhasan ya tsaya a waje. Ɗakin kotun bai kai girman da na zata ba, fari ne tas, da sanyin na'ura. Aka zaunar da ni da Gwaggo a bencin baya. Ba taro, ba kowa sai ma'aikata da lauyoyi da wasu mutum biyu da ban san su ba.

Aka shigo da shi ta wata ƙofa a gefe. An aske masa kai. Ya rame har kunnuwansa sun fito. Ya duba benci ya gan mu, ya tsayar da ido a kaina, sai aka juya shi ya fuskanci alƙalai.

Alƙalin tsakiya ya miƙe, kowa ya miƙe. Ya yi ta karatu da Sinanci, wata mata tana juyawa da Turanci a hankali kusa da Yaya. Ba na jin ko ɗaya. Bayan kansa nake kallo, da wani tabo da ya samu tun muna yara, ranar da ya faɗo daga katanga. Ina ta maimaita maganar Umma a raina. Ban taɓa ɗaga murya a gaban baƙi ba, ko a makarantar allo in aka zo kaina sai malam ya matso da kunnensa.

Alƙali ya buga wani ɗan katako. Gwaggo ta damƙe hannuna, ita ma ba ta san abin da aka ce ba. 'Yan sanda biyu suka kama Yaya ta damtse suka nufi ƙofar gefe da shi. Ya waigo. Gwaggo ta zungure ni, ta raɗa min, "Ɗaga masa kai."

Sun kusa ƙofar.

"Yaya!"

Ban gane muryar ba. Duk ɗakin aka juyo. Wani ma'aikaci ya taso yana ɗaga min hannu yana faɗa da yarensu.

"Umma ta sani! Ta ce ta yafe duniya da lahira! Ta ce kai ma ka yafe mata!"

Yaya ya tsaya, suka ja shi, ya turje da ƙafa ɗaya. Bakinsa ya buɗe. Ma'aikacin ya riga ya sha gabana, sai ta gefen kafaɗarsa na hango shi.

"Ba ta yi min komai ba," ya ce. "Ki ce na yafe."

Ƙofar ta rufe.

Aka fitar da mu, ba da faɗa sosai ba. A waje ana yayyafi. Lauya ya yi wa Alhasan bayani a ƙarƙashin lema, Alhasan ya juyo ya ce kisa ne, amma an jinkirta shi shekara biyu, kuma in bai yi wani laifi a ciki ba, yawanci ana mayar da shi ɗaurin rai da rai. Gwaggo ta zauna a kan matakala cikin ruwan, tana ta alhamdulillahi tana kuka, ban san wanne ya fi yawa ba.

Na karɓo wayata daga mai gadi. Na duba lokaci, a Kano ko kiran assalatu ba a yi ba. Na san ba barci take ba. Na matsa jikin bango inda ruwa ba ya kaiwa, na goge fuskar wayar da gefen hijabina, na kira ta.